TAFIYAR YINI GUDA DAGA RINGIM ZUWA DUWATSUN DUTSE DA NA BIRNIN KUDU

Zuwa ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda ne domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, musamman na ƙasar Ringim da ta Dutse, don su karanta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke ciki. Maganar da ta ƙunsa ita ce ta fita da iyali yawon buɗe ido na yini guda cikin ƙasarmu: hanyar da za a bi, da abin da za a gani, da abin da za a ci, da kuma abin da ya rataya a wuyan shugabanni game da wuraren nan.

Dalilin da ya sa a ke wannan magana shi ne, yaron Ringim na yau ya san hoton dogayen benayen Dubai a cikin wayar hannu, amma in ka tambaye shi labarin zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu sai ya yi zuru, ko da ya ke tsakaninsa da su tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. To, abin da mutum bai sani ba, ba ya kishinsa. Abin da ba a kishinsa kuwa, ran da mai fasa dutse ya zo da gudumarsa babu mai ce masa kanzil. Don in tabbatar da abin da zan faɗa, na bi hanyar nan da kaina wata rana cikin rani, tare da mahaifiyata da matata da ɗanmu da ƙannena biyu, muka fita da sassafe muka komo kafin magariba.

SHIRIN TAFIYA

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen rani. Da damina ruwa ya kan ci hanya a wuraren fadama, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi da dama cikin jihar nan, dutse kuma ya kan yi santsi. In hazo ya yi kauri da hunturu ba a hangen nesa, saboda haka sai a zaɓi ranar da gari ya washe.

Tun ana gobe tafiya a kai mota wurin makaniki ya duba burki da tayoyi da baƙin mai da ruwan lagireto da fitilu. A tabbata safaya tana da iska, jak kuma yana ciki. A ɗauki ruwan sha mai tsabta wanda zai ishi kowa, da buta da tabarma da sabulu. Kada a cika mota fiye da kujerunta, gama yara biyu a cinyar mutum ɗaya ba tsimi ba ne, kasada ce. A tashi da an sallame asuba, domin a isa Dutse da hantsi kafin duwatsu su ɗau zafi.

DAGA RINGIM ZUWA KIYAWA: ƘASAR JIGAWA

Ringim tana kusa da kogin Haɗejiya, wanda kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su haifar. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930 ta ratsa ta nan, ita ce kuma ta ɗaukaka garin a zamanin cinikin gyaɗa. Daga Ringim sai a nufi gabas zuwa Gujungu cikin ƙasar Taura, inda babbar kasuwa ta ke ci ran Lahadi. Wanda ba ya son cunkoso sai ya kauce wa ranar. A Gujungu a ke karya kwana a yi kudu, a bi ta Jahun har Kiyawa.

Wannan yanki babu dutse, amma kada a bar yara su yi barci, don a nan ne za su ga abin da ya ba jiharmu sunanta. Mai lura zai ga mota tana hawa tudun rairayi a hankali, ta gangara cikin kwari mai danshi, ta sake hawa wani, haka haka har a kai Jahun. Tuddan nan su ne jigayi. Ba a warwatse su ke ba, a jere su ke kamar kunyoyin gona, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, watau dai hanyar da iskar hunturu ta ke bi. Masanan ƙasa sun bayyana cewa iska ce ta tara su dubban shekaru da suka wuce, sa'ad da hamada ta gangaro kudu fiye da inda ta ke a yau. Da ruwan sama ya komo sai ciyawa da itatuwa suka kama rairayin suka tsai da shi. Shi ya sa manomin wajen ya ke shuka gero da wake da riɗi bisa jigawa, ya bar shinkafa da kayan lambu ga fadamar da ke tsakani. Shi ya sa kuma duk inda aka sassare itatuwan jigawa sai rairayi ya motsa, ya fara binne gona.

DUTSE

Daga Kiyawa sai a hau babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yi yamma zuwa Shuwarin, daga nan a shiga Dutse. Tun kafin a isa za a fara hango duwatsu sun taso daga fili, wani bisa wani. Gaskiya ne ƙasarmu ba ta da manyan tsaunuka irin na Jos ko na Mambila. Amma ga yaron da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar Ringim, inda tsakuwa ma sai an sayo, ganin dutse ya fi rimi tsawo ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin ƙanena ya daɗe yana kallon wani ƙaton dutse da ya zauna a kan ɗan'uwansa kamar tulu bisa gammo, sa'an nan ya ce, "Yaya, wa ya ɗora shi?"

Tambayar nan kusan ko wane yaro zai yi ta, ya kamata babba ya san amsa. Ikon Allah ne, ga kuma sababin da ya sanya. Asalin dutsen narkakke ne a can ƙarƙashin ƙasa, ya huce ya daskare tun miliyoyin shekaru, ya tsattsage a tsaye da a kwance. Ruwa ya riƙa bin tsagogin yana cin gefe da kusurwa, har ko wane ɓangare ya zama mulmulalle. Da ruwa da iska suka kwashe ƙasar da ta rufe su, sai suka bayyana a inda su ke tun farko, wannan bisa wancan. Zafin rana da sanyin dare kuma har yanzu suna ɓare bayansu kaɗan kaɗan, kamar ɓawon albasa. Babu wanda ya ɗora su, ƙasar da ke kewaye da su ce ta tafi.

Waɗannan duwatsu su ne suka jawo mutane tun farko, domin mafaka ce a lokacin yaƙi. Tsohon garin shi ne Garu, inda fadar Mai Martaba Sarkin Dutse ta ke, duwatsu sun kewaye shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci yaƙin da Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kai wa Dutse. Daga baya garin ya daɗe yana gunduma a ƙarƙashin Kano. Ran 27 ga Agusta 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birninta, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya a garin. Mai ziyara zai ga tsohon gari da sabo a yini ɗaya.

Wanda zai hau dutse da yara ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya bi inda mutane su ke bi. Kada yaro ya cusa hannu cikin kogo ko tsaga, saboda maciji da kunama. Tsofaffi kuwa a shimfiɗa musu tabarma a inuwa, daga ƙasa ma kallo ya wadatar.

DABINO

A gindin duwatsun nan, inda ruwa ya ke taruwa a ƙarƙashin ƙasa, dabino ya sami wurin zama, har ya zama abin da aka san Dutse da shi. Cibiyar binciken kwakwar manja ta Nijeriya, wadda a ke kira NIFOR, tana da reshe a Dutse wanda aikinsa binciken dabino ne. Mu a Ringim dabinon da muka saba da shi busasshe ne, wanda a ke sayowa don buɗa baki da azumi ko rabo wajen ɗaurin aure. A Dutse ne ƙannena suka fara ɗanɗana ɗanye, wanda ya yi ruwan ɗorawa bai kai ga yin laushi ba. Yana da garas-garas a baki kamar rake, da zaƙi da ɗan bauri. Inna da fari ta ƙi, ta ce ita ba ta cin abin da bai nuna ba. Da ta ci ɗaya sai ta sa aka auno mata kwano guda ta kai wa maƙwabta tsaraba.

Akwai abin da ya kamata malaman Hakimai su sani game da wannan itace, domin mutane suna yawan tambaya. Dabino yana da namiji da mace, macen ce kaɗai ta ke 'ya'ya. Wanda ya shuka ƙwallo ba zai san abin da ya shuka ba sai bayan shekaru, sa'ad da ya yi fure, kuma kusan rabi maza za su fito, 'ya'yan matan ma ba lalle su yi kama da na uwar ba. Saboda haka masu sana'ar su kan cire 'ya'yan da su ke tsirowa a gindin uwa mai kyau su dasa, gama wannan ba ya canza hali. In fure ya buɗe kuma su kan hau su ɗauko na namijin su sa cikin na macen da hannu, ba su bar wa iska aikin ba, ta haka namiji ɗaya ya ke isar mata da yawa. A ƙasarmu dabino ya kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, da rani da kuma damina. Duk Hakimin da ke da kwari mai danshi a ƙasarsa, ziyarar yini ɗaya a lambunan Dutse za ta amfane shi fiye da dogon bayani.

ABINCIN RANA

Tun da Dutse ta zama babban birni, ma'aikata daga ko wane sashe na Nijeriya suka zo da iyalansu da irin girkinsu. Muka shiga wani ɗakin cin abinci mai tsabta, na ce yau kowa ya bar tuwo da miyar kuka sai an koma gida, aka kawo mana sakwara da miyar agushi. Inna ba ta sa hannu ba sai da ta kira mai abincin ta tambaye ta inda ta ke sayen nama da wanda ya yanka. Wannan tambaya daidai ce, babu abin kunya cikinta, mai abincin kuwa ta amsa da fara'a. Bayan loma biyu sai Inna ta dube ni ta ce, "Kai, ashe guna ce!" Ta gane ta. 'Ya'yan gunar da a ke shukawa a jigayin arewa, a ɓare a loda a mota a yi kudu da su, su ne aka niƙa aka yi miya suka komo mana da sabon suna. Matata ta tsaya ta tambayi yadda a ke haɗa ta, yanzu kuwa ta shiga cikin girkin gidanmu.

Baƙon abinci ba ya cuta don baƙuncinsa, ƙazanta ce ta ke cutarwa. Saboda haka a kiyaye waɗannan: a ci abin da aka sauke da zafinsa, a guji wanda ya daɗe a buɗe ƙuda na bi. A wanke hannu da sabulu. A dubi ruwan da a ke wanke kwanuka da shi kafin a zauna. Fura da nono da zoɓo da kunun aya duk da ruwa a ke haɗa su, in ba a amince da ruwan ba a haƙura. Kwalara ba ta san ranar hutu ba. Yaro ƙarami kuma a ba shi kaɗan tukuna a ga yadda cikinsa zai karɓa.

BIRNIN KUDU

Daga Dutse sai a bi ta Kwanar Huguma a hau hanyar da ta fito daga Kano, a isa Birnin Kudu wajen azahar. Wannan ita ce hanyar da ta fi daɗin kallo, duwatsu suna bayyana suna ɓacewa a tsakanin gonaki da kukoki.

A kewayen garin akwai duwatsu masu rumfa, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, waɗanda mutanen dā suka yi zane a jikinsu da jan launi da fari. Yawancin zanen na shanu ne. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ne ya yi nazarinsu ya bayyana wa duniya labarinsu a shekarun 1950, yanzu kuwa suna hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ta ke da ma'aikata a garin. Wurinsu ya kamata baƙo ya fara zuwa, su yi masa jagora.

Abin da za a nuna wa yara shi ne bayan shanun. Da yawa daga cikinsu ba su da tozo, waɗansu masu dogayen ƙahoni, waɗansu masu gajeru. Shanun da Fulani su ke kiwo a ƙasar nan yau masu tozo ne, marasa tozo irin muturu sai can kudu. Watau waɗanda suka yi zanen sun ga irin shanun da ba mu gani a nan yanzu, wannan kuwa shaida ce ta daɗewarsa. Har wa yau akwai duwatsu masu amo kusa da zanen. In an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge, ko wane gefe da irin muryarsa, jikinsu duk ya lotsa saboda yawan kaɗawar mutanen da suka shuɗe. Ɗanmu bai kula da zane ba, amma da ƙyar muka raba shi da dutsen kiɗa.

A nan ne kuma na ga abin da ya sa na rubuta wannan takarda. A jikin wani dutse da muka wuce samari sun rubuta sunayensu da gawayi da fenti, can nesa kuma muna jin gudumar masu fasa dutse. Fasa dutse sana'a ce, gine-gine suna bukatar tsakuwa, babu mai cewa a hana mutane neman abinci. Amma dutsen tsakuwa yana da yawa, dutsen zane kuwa ƙidayayye ne. Gidan da ya rushe a kan sake gina shi, itacen da aka sare a kan dasa wani. Zanen da aka fasa ya tafi ke nan har abada.

KOMOWA GIDA

A bar Birnin Kudu da wuri, a yi la'asar a hanya, domin a shiga Ringim da sauran haske. Tafiyar dare da iyali ba ta da amfani: ga dabbobi, ga amalanke marar fitila, ga gajiyar direba. Sannu ba ta hana zuwa. In kuwa aka tarar da motar mai ta faɗi, kada a tsaya kallo, kada a bar kowa ya matsa kusa. Ba mu manta da abin da ya auku a Majiya cikin ƙasar Taura ba a watan Oktoba 2024, sa'ad da tankar mai ta kife ta kama wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye na gaba.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Ranku ya daɗe, talakawa suna duban abin da shugabanni su ke yi fiye da abin da su ke faɗi. Saboda haka a ke roƙon waɗannan abubuwa:

1. Ko wane Hakimi ya sa malaminsa ya rubuta wuraren tarihi da ke ƙasarsa, ko dutse ne, ko kufai, ko ganuwa, ko tsohuwar rijiya, da sunan dagacin da wurin ke hannunsa, da abin da tsofaffi su ke faɗi game da shi. A yi wannan tun tsofaffin suna da rai.

2. Inda a ke fasa dutse, dagaci ya je da kansa ya duba. In akwai zane ko dutse mai amo ko alamar tsohon mazauni, ya tsai da aikin a wannan gefe, ya sanar da Hakimi, Hakimi kuma ya sanar da Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma da ma'aikatan kayan tarihi.

3. A gargaɗi samari su bar rubutu a jikin duwatsun nan, makiyaya da mafarauta kuma su bar hura wuta a ƙarƙashin rumfunansu, gama hayaƙi yana rufe zane. Baƙi ma kada su shafa shi da hannu ko su zuba masa ruwa don ya fito a hoto.

4. A ja kunnen masu sayar da abinci a tasha da bakin hanya su rufe abincinsu, su tanadi ruwa mai tsabta, kada kuma su tsawwala wa baƙo kuɗi. Baƙon da ya ci ya ji daɗi shi zai kawo wani, kuɗin da ya kashe kuwa a garin zai zauna, wurin mai dabino da mai fura da ɗan jagora.

5. A shawarci shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya, su riƙa kai ɗalibai wuraren nan ko sau ɗaya a shekara.

6. Hakimi da kansa ya ɗauki iyalinsa ya je. Ran da aka ji Hakimi ya kai 'ya'yansa kallon Dutsen Habude, dagatai za su bi, attajirai za su bi, mutanen wurin kuma za su gane abin da ke bayan gidansu yana da daraja.

Kuɗin tafiyar nan bai wuce na mai da abincin rana da 'yar tsaraba ba. Da muka iso gida, kafin a kira magariba ƙanena ya riga ya tara yaran unguwa a ƙofar gida, yana zana musu saniya marar tozo a ƙasa da tsinke, suna gardama wai babu irinta. Ya ce to su je su gani. Gani ya kori ji.

Allah ya ja zamanin Sarakunanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.